Kafin mai gyara ya goge maka kwamfuta, ka tambaye shi abin da ya lalace

Akwai wani shagon buga takardu da nake zuwa a cikin garin Diffa, irin waɗanda muke kira sakatariya, inda ake rubuta wa mutane takardar neman aiki, a yi musu fotokofi, a buga musu katin biki. Kwamfuta ɗaya ce a shagon da firinta ɗaya, kuma su biyun nan ne ke ciyar da gidan mai shagon. Wata safiya na iske shi ya rafka tagumi, mutane na tsaye a ƙofa da takardu a hannu. Ashe da dare ya bar kwamfutar a kunne, tana jone da intanet, sai babbar manhajarta ta sabunta kanta. Da gari ya waye, firinta ta ƙi amsawa. Duk takardar da ya tura sai ta maƙale.

Abin kuma ya faɗo a makon ƙarshe na ajiye takardun wata jarrabawar ɗaukar aiki, lokacin da masu irin wannan shago ke samun na cefanen wata guda. Bai tsaya wata-wata ba, ya rungumi na'urar ya kai wa wani yaro mai gyara. Yaron ya kunna, ya ɗan duba, ya ce: "Alhaji, birus ne. Sai an formate ta." Aka yi ciniki a kan jika biyar. Kafin la'asar kwamfuta ta dawo fes, firinta na aiki, sai dai babu komai a cikinta. Takardun shekaru sun tafi, har da kundin kammala karatu na wasu ɗalibai da ba su karɓa ba. Abin da ya fi ɗaga masa hankali shi ne lissafin wata ƙungiyar manoman tattasai ta wani ƙauye a bakin Komadugu, waɗanda duk shekara suke zuwa ya buga musu sunayen mambobi da bashin mai da na taki da kowa ya ci. Littafinsu na hannu ya tafi da ambaliyar 2022, wannan kwafin kaɗai suka dogara da shi.

"Malam," ya ce mini, "ni kuɗin ba su dame ni ba. Me zan faɗa wa mutanen nan?"

Ra'ayina shi ne wannan asara ba ta zama dole ba, kuma irinta na faruwa a garin nan fiye da yadda ake faɗi, a shaguna da ofisoshi da makarantu. Mun saba da magani ɗaya tak ga kowane ciwon na'ura: a goge komai, a sake zuba sabo. A kwamfuta a ce "formate", a salula a ce "filashin". Sau da yawa kuwa na'urar lafiyarta lau, saɓani ne kawai ya shiga tsakanin manhajoji biyu.

Wanda ya taɓa sauya injin ban ruwa a gonar tattasai zai fi kowa gane wannan. Ka sayo sabon inji, ka kawo shi bakin kogi, sai ka tarar bakinsa ya fi na tsohon faɗi, tiyonka ya ƙi shiga. Injin bai lalace ba, tiyon ma bai fashe ba, mahaɗin da ke tsakaninsu ne ya daina dacewa. Haka kwamfuta take. Akwai babbar manhaja, Windows ko Linux, ko Android a waya, wadda komai ke zaune a kanta. Akwai ƙananan manhajoji da ke yi mata tafinta da firinta, da sikana, da katin sauti, waɗanda masu gyara ke kira direba, wasu su ce pilot. Sannan akwai wasu gutsattsarin manhaja da shirye-shirye da yawa ke amfani da su tare, kamar rijiya ɗaya da unguwa ke ɗiba. Idan babbar manhaja ta sabunta, takan sauya ɗaya daga cikin waɗannan, duk wanda aka gina shi a kan tsohon sai ya tsaya. Babu manomin da zai tuge shukarsa don tiyo ya ƙi shiga inji, amma kusan abin da muke yi ke nan da na'urorinmu.

Kada kuma wani ya ɗauka ƙauyancinmu ne ke jawo wannan. A watan Oktoban 2018 kamfanin Microsoft ya janye wata babbar sabuntawa ta Windows 10 kwanaki kaɗan da fitar da ita, saboda ta share wa wasu mutane takardunsu. A watan Maris na 2021 wata sabuntawar ta sa kwamfutoci na faɗuwa da shuɗin allo da zarar an tura takarda zuwa wasu firintoci, ciki har da na Kyocera da Ricoh, har sai da aka fitar da gyaran gaggawa. A cikin wannan watan dai, masu wayoyin Android a duniya suka wayi gari Gmail da wasu manhajoji barkatai na rufe kansu da zarar an buɗe su. Laifin na wani gutsure ne guda da ake kira WebView, wanda dukansu suka dogara da shi, kuma maganin bai wuce a sabunta shi daga Play Store ba. Ina tunanin wayoyi nawa aka yi wa filashin a banza a ranar, daga Maine-Soroa zuwa Ngigmi. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuwa, sabuntawar wata manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Maganin a lokacin shi ne a shiga kowace na'ura a cire fayil ɗaya. Gyaran bai buƙaci a goge na'urar ba.

Bambancinmu da su yana wurin abin da ke biyo baya. Ma'aikacin banki a Faransa yana da sashen kwamfuta a hawa na ƙasa, yana da kwafin aikinsa a wani wuri, yana da intanet da ba ya ƙirga mega. Mu muna nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,300. Babbar sabuntawa guda takan ci giga da yawa, a wurin mutumin da ke sayen mega na kwana ɗaya. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun gama aikinsu a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kwatano ko Legas, su ratso Kano ko Damagaram su iso mu, baturansu a mace. Kwamfutar da baturinta ya mutu kuwa, daidai take da fitila: ana ɗauke wuta, ta mutu nan take. Idan hakan ya same ta a tsakiyar sabuntawa, rabin sabo ya shiga, rabin tsoho bai fita ba, shi ne ainihin abin da ke rikita na'ura har ta ƙi tashi. Ga kuma gaskiyar da ba a son faɗi: manhajoji da dama da ke kan na'urorinmu na fasa-ƙwauri ne, an yi musu dabara don su yi aiki ba lasisi, kuma sabuntawa takan warware dabarar.

Saboda haka wasu suka yanke shawarar rufe ƙofar gaba ɗaya. Za ka ji mai gyara yana alfahari: "Na kashe maka mizajur ɗin, ba za ta sake damunka ba." Na fahimci dalilinsu, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ban yarda da su ba. Yawancin sabuntawar wata-wata toshe ramukan tsaro ce. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta da aka sani da WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, ta hana asibitocin Ingila aiki, alhali Microsoft ya fitar da maganin ramin da ta bi tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne ta kama. Kwamfutar sakatariya kuwa, wadda ake cusa mata kile ta USB daga hannun kowa tun safe har dare, ita ce ta fi kowace buƙatar kariya. A garin da ofisoshi ke riƙe da sunayen 'yan gudun hijira da na waɗanda rikici ya raba da ƙauyukansu tun 2015, barin na'ura a buɗe ga ɓarayin bayanai ba ƙaramin ganganci ba ne.

Abin da nake goyon baya shi ne mutum ya riƙe linzamin sabuntawar a hannunsa. Windows tana ba da damar a dakatar da ita har mako biyar, tana kuma da wurin da za ka shaida mata cewa intanet ɗinka na ƙirge ne, don ta rage saukar da manyan kaya ba da izini ba. Mai shago ya dakatar a makon da aiki ya yi yawa, ya sake ta ranar da babu kowa a ƙofa, wuta na nan ko batur a cike. Jinkirin mako ɗaya ko biyu ma alheri ne, domin in sabuntawar na da aibi, kafin nan waɗanda suka riga mu sun yi kuka an gyara.

In kuma ɓarnar ta riga ta faru, tambayar farko ita ce wadda kowane malamin asibiti ke yi: yaushe abin ya fara, me ya sauya kafin nan? Kwamfutar da jiya take aiki, yau ta ƙi, kuma da dare an gan ta tana ƙirga kashi-kashi tana cewa kada a kashe ta, ta riga ta faɗi inda ciwon yake. A cikin saitin Windows akwai tarihin sabuntawa, da kwanan watan kowace, da wurin cire ta baya-bayan nan. In babbar sabuntawa ce, wadda ke sauya sigar manhajar ɗungurungum, akwai kwana goma da mutum zai iya komawa tsohuwar, muddin ba a share ajiyarta ba. In firinta ce kaɗai ta ƙi, a cire direbanta a sake sa wanda ya dace daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Saƙon da na'ura ta nuna a allo kuma, ko da mutum ba ya jin Faransanci ko Ingilishi, ya ɗauke shi hoto da wayarsa kafin ya danna komai. Lambobin nan masu farawa da 0x da muke tsallakewa, su ne sunan matsalar, kuma wanda ya rubuta su a Google yakan iske dubban mutane sun riga shi faɗawa ramin.

Kafin duk wannan, a kwashe takardu. Ko kwamfuta ta ƙi tashi sam, galibi abin da ke cikin faifanta yana nan. Ana iya tayar da ita da kile mai ɗauke da Linux a kwafe komai, ko a ciro faifan a jona shi da wata na'urar. Aikin awa ɗaya ne ko biyu. Da yaron nan ya yi wannan kaɗai, ko da ya goge sauran, da ban rubuta wannan sharhi ba.

Ba na so in ɗora masa laifin duka. Yawancin masu gyaranmu a gindin wani ubangida suka koya, a Maiduguri ko Damagaram ko kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma abin da aka nuna musu ke nan. Gogewa awa biyu ce, sakamakonta tabbas ne. Bincike kuwa yana iya cin yini guda da mega na aljihunsa, kuma mai kaya na tsaye a kansa yana cewa yau yake so. Sannan wa zai biya shi kuɗin bincike? Mu ɗin nan, in mai gyara ya danna wurare uku na'ura ta tashi, sai mu ce ai bai yi komai ba, mu miƙa masa ɗari biyar. In ya goge ta ƙaf ya sake zubi, sai mu ga ya yi aiki, mu biya jika biyar ba gardama. Mu da kanmu muka sa wa ɓarna farashi mai tsoka, muka rage wa gwaninta.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Na'urorin ba su mutu ba, suna aiki, amma sabuntawar tsaro ta kyauta ta ƙare, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoban 2026, wanda ke buƙatar asusun Microsoft, ko dai a cika wasu sharuɗɗa ko a biya dala 30. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin zamani, abin da ya fitar da mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Ka leƙa ofisoshi da makarantun jihar nan ka ƙirga nawa ne suka tsallake wannan shinge. Tuni wasu masu gyara suka koyi dabarar cusa Windows 11 a kan tsofaffin na'urori ta bayan gida. Tana shiga, tana aiki, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin sabunta irin waɗannan ba. Wato ana shuka irin matsalar mai shagon nan ne a ɗaruruwan na'urori, sai ranar girbi.

Ga tsofaffin kwamfutocin da aikinsu bai wuce rubutu da lissafi da shiga intanet ba, ni ina ganin Linux ta fi dacewa: Ubuntu ko Linux Mint, da LibreOffice a madadin Word da Excel. Kyauta ce, ba fasa-ƙwauri, kuma Ubuntu tana fitar da siga mai dogon zango duk shekara biyu a watan Afrilu, da tallafin shekara biyar. Sai dai kada a yaudari kowa, ita ma tana da nata ciwon. A Linux kowane shiri yana zuwa ne a ƙunshi-ƙunshi daga rumbu ɗaya da masu manhajar ke kula da shi, kuma kowane ƙunshi yana da jerin waɗanda ya dogara da su. Muddin daga rumbun nan kake ɗiba, komai na dacewa. Rikici na farawa ne ranar da ka ƙara rumbun wani daga waje, ko ka sauko da ƙunshin da aka yi don wata siga daban. Sai wani shiri ya ce sabon gutsure yake so, wani ya ce shi sai tsoho, manhajar da ke raba ƙunshin ta tsaya ta ce ba za ta iya sulhunta su ba. Shi ya sa Ubuntu ke rufe rumbunan waje da kanta yayin hawa sabuwar siga. Duk da haka a watan Satumban 2024 sai da kamfanin Canonical ya dakatar da hawa zuwa 24.04 na wasu kwanaki, saboda kuskure a manhajar da ke lissafa waɗannan dogaro.

Abin da ya burge ni da ita shi ne ba ta ɓoye ciwonta. Tana rubuta sunan ƙunshin da ya ƙi da wanda yake jayayya da shi. In wuta ce ta katse aiki, umarnin "dpkg --configure -a" yakan ƙarasa abin da ya rage, "apt --fix-broken install" kuma yakan cike giɓin da aka bari. Sharaɗi ɗaya ne: a karanta kafin a amsa da e. Wani lokaci hanyar sulhun da take kawowa ita ce ta cire ƙunshi masu yawa, har da allon da kake kallo, kuma tana jera su a gabanka kafin ta taɓa. Linux Mint ma tana zuwa da Timeshift, wanda ke ɗaukar hoton tsarin na'ura don a koma masa in sabuntawa ta ɓaci. Ga ofis mai kwamfuta goma, ana iya saukar da sabuntawa sau ɗaya a raba wa sauran ta wayar cikin gida, maimakon a sayi mega sau goma.

A ɓangaren salula, waɗanda na fi ji wa tsoro su ne matasan da ƙungiyoyin agaji ke ɗauka aikin tattara bayanai da KoboCollect ko ODK, a sansanin Sayam Forage da wuraren da jama'a suka yi zango a kan hanyar ƙasa mai lamba 1. Inda babu layi, amsoshin suna zaune ne a cikin wayar har a dawo gari. In manhajar ta rikice bayan sabuntawa, wani ya ba da shawarar a cire ta a sake sa ta, duk abin da ba a tura ba yana iya tafiya tare da ita. Kowane fom kuwa gida ne da ke jiran a sa sunansa cikin masu karɓar abinci.

Nan ne nake ganin nauyin ya wuce kan mai shago da mai gyara. Mun sha halartar bikin miƙa kwamfutoci ga makarantu da ma'aikatun magajin gari, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Ban cika jin an ambaci wanda zai kula da su bayan wata shida ba, ko kuɗin intanet na sabunta su, ko faifan ajiye kwafi, ko batur mai riƙe wuta na minti goma. Duk wanda zai ba da kwamfuta goma, gara ya ba da takwas, kuɗin biyun su tafi ga waɗannan. Jami'ar Diffa da cibiyoyin koyon sana'a na iya shirya wa masu gyaran gari horon mako ɗaya kan abu biyu kacal, kwashe bayanai da gano musabbabi, hukumar ANSI mai kula da harkar zamanantar da ayyuka ta tallafa. Kuma tunda kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, gidajen rediyonmu na iya ware minti goma a mako su yi wannan bayani da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Mu 'yan jarida ma ba mu tsira ba, da yawanmu muryoyin hirar shekaru suna kan na'ura ɗaya tilo.

Na koma shagon bayan mako biyu da wani abokina da ya san aikin. Ya ce da an kashe kwamfutar tun ranar da aka goge ta, da akwai fata, domin gogewar gaggawa ba ta share takardun nan take, kuma manhaja irin PhotoRec takan tono da yawa. Amma an yi kwanaki ana aiki a kanta, sababbi sun hau kan tsofaffi. Ya samo wasu hotuna da 'yan wasiƙu, lissafin manoman bai fito ba. Shugaban ƙungiyar da ma'ajinta sun zo sun zauna a kan benci, suna tuno sunaye ɗaya bayan ɗaya, mai shagon na bugawa. Sun daidaita a kan yawancinsu. Mutum uku ne har yanzu ake jayayya ko sun biya bashin takin bara, kuma an ɗage maganar sai bayan an sayar da tattasai.